Ranar da Cibiya Ta Bi Sa

"Ni fa, ku ba ni igiya da turke, ko giwa ce in tsare muku ita!" in ji Labaran, Furofesan garin Darki, wanda duk iliminsa na lissafi hira ɗaya ce da muka yi a bakin gadar Wudil.

Abin da na gaya masa kuwa ba wuya. Ka kafa turke, ka ɗaura igiya, ka zagaya da ita a miƙe, ka zana da'ira ke nan. Turken ne cibiya, kuma ko'ina a bakin da'irar, nisansa da cibiya tsawon igiyar ne. Da haka masu haƙa rijiya ke fitar da bakinta. Shi ke nan fa! Amma gogan naka ya ɗauka ya gama jami'a.

Rannan ya je gaida Inna Saudatu, mahaifiyar Hidaya da yake nema, wadda har yanzu ba ta ce ta ba shi ba. Ya tarar ta shanya waken irinta a tabarma, za ta fita barka, ga san kiwo a turke yana hararar tabarmar.

"Bari in kwashe, Labaran, san nan ba shi da kunya."

"Haba Inna! Bar shi ya sha rana. Lissafi zai tsare shi."

Ya ja igiya, ya shata da'ira a ƙasa. "Kin ga layin nan? Ko ubansa bai isa ya tsallaka ba."

Inna ta fita. Hidaya tana leƙe daga ɗaki.

Abin da sarkin sani ya manta, mu nan a ƙafa ake ɗaure sa. Ƙafa kam ta tsaya cak a kan layi, ta yi wa lissafi biyayya. Wuya kuwa ya miƙe, harshe ya ƙara, sai ga baki cikin wake.

"Furofesa, ci fa yake!" in ji Hidaya.

"Ɗan kuskure ne. Cibiya za mu matsar."

Ya tuge turke, ya kafa shi can inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Sa ya ɗan fizga, turke ya fito sumul kamar haƙorin tsohuwa.

"Turken ne jahili," in ji Labaran. "Da'ira cibiya mai hankali take so." Ya kwance igiya, ya ɗaura a ƙugunsa, ya bubbuɗe ƙafafu.

Labaran fa karan dawa ya fi shi kauri. Sa ya dube shi, ya dubi wake, ya taka abinsa.

Inna ta dawo ta tarar da sa a tsakiyar tabarma yana lasar ragowa, ga Labaran rub da ciki a bayansa, hula a gabas, takalmi a yamma.

"Labaran! Ina da'irar?"

Ya ɗago kai, ya tofar da ƙasa. "Wallahi Inna, har yanzu yana cikinta. Cibiyar ce ta biyo shi."

"Madalla. Hidaya, buɗe musu ƙofa, ya ja cibiyar har Darki."