Hoton Da Manhaja Ta Tsallake

Tun yana karatu a ƙasar waje bai taɓa sakin jiki da manhajar da ke yanke hukunci da kanta ba. Sai ga shi yau ya saki ɗaya a kan fayilolin kakarsa duka, don ta gyara ƙarshen layukan rubuce-rubucenta da suka hargitse a sabuwar kwamfuta. Sai da ya danna maɓallin farawa ya tuna cewa hoton marigayi kakansa yana ciki, kuma babu kwafinsa ko'ina.

"Lafiya kuwa, mijin wahala?" in ji kakar, tsohuwar mai buga tafireta, tana jawo kujera. "Zufar me kake yi a gaban fanka?"

"Kyanki ne ya yi mini yawa, tsohuwa."

"Ƙarya kake. Me ka ɓata?"

Ya faɗa mata. Layukanta suna ƙarewa da alama biyu, ta komawa farkon layi da ta sauka ƙasa, kamar a tafireta. Manhajar tana cire ɗaya. In ta yi wa hoto haka, ya lalace.

"Kishi ne! Ka ga ya fi ka tsawo da hanci, shi ne ka aika masa inji."

"Hancin da ke riga shi shiga ɗaki?"

"Gara shi da wannan ƙaton kan da aka biya wa kujera biyu a jirgi. In hoton nan ya taɓu, na sake ka, ko tsintsiya ba za ka fita da ita ba."

Allon ya tsaya. Duk rubutun ya gyaru, ban da fayil ɗaya da aka ce an tsallake. Ya buɗe shi. Ga tsoho nan, hula a karkace.

"Sa tabarau ki ga aikin maza!"

Ta daɗe tana kallo. "Ta yaya ta gane? Da sunan fayil ɗin?"

"Ba ruwanta da suna. Ciki take leƙawa. In ta ci karo da wani ɓoyayyen sifili da babu maɓallin da ke buga shi, irin wanda ke cikin hoto, ta san ba rubutu ba ne, sai ta janye hannu."

"Ashe ta fi ka tarbiyya."

"Ni na zaɓo ta ai! To yanzu faɗi gaskiya, ni da shi wa ya fi?"

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta zaro kwalbar turare daga jakarta.

"Shi mana. Amma kai ne a kusa. Ungo."