Sarkin Suwidin a Kan Jakin Baba Dikko

Ko da zan manta ranar da na fara karɓar albashi, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama Sarkin Suwidin a Bagudo ba.

Lokacin ina gwajin koyarwa a wata sakandare, kuma ranar ce Hajiya mai duba mu za ta zo daga Birnin Kebbi ta ba ni maki. In na faɗi, sai na maimaita shekara. Darasin kuwa yaƙin addini ne na Turai, inda wani sarkin Suwidin ya tsallaka zuwa Jamus don ya taimaki 'yan Furotesta a kan Katolika. Mutum mai hankali allo da alli zai ɗauka. Ni kuwa (da ma kaina yana yawan ba ni shawarar banza) na ce wasan kwaikwayo za mu yi a fili.

Matsalar farko, ba wanda ya yarda ya zama Katolika ko Furotesta. "Mallam, mu dai Musulmi na," in ji monitan ajin. Sai na raba su yadda suka saba rabuwa a filin ƙwallo, 'yan garin Kaoje rundunata tunda ni ne sarki, 'yan garin Kende abokan gaba, kowa da karan dawa. Na koya musu cewa sarkin ya ɓace cikin hayaƙin bindiga aka kashe shi, kuma da sojojinsa suka hango dokinsa ba kowa a kai, sai suka fusata suka auka wa maƙiya.

Doki dai ban samu ba, sai jakin Baba Dikko maigadi. Ya so ya gaya mini wani abu, na ce ya bari sai an tashi. Ashe jakin nan tsohon ma'aikaci ne. Tun yana ƙarami jarkokin fetur na fasa-ƙwauri yake kaiwa Jamhuriyar Benin ta bayan daji, da ya ji nauyi a bayansa ba ya jiran kowa.

Hajiya ta zauna, na ɗora hular kwali, na hau, na ɗaga kara zan yi jawabi. Jaki ya juya ya miƙe hanyar bodar Benin. Na ja, na roƙa, har sunan Allah na haɗa shi da shi. A bakin gonakin shinkafa ya watsar da ni cikin taɓo, ya hau kunyar gona ya ci gaba da harkarsa.

Ɗalibaina masu biyayya suka hango jaki ba sarki, suka tuna darasi. Da na dawo da takalmi ɗaya, taɓo har cikin kunne, 'yan Kaoje sun kora 'yan Kende har bayan kujerar Hajiya, ita kuma tana kare kanta da jaka. Kunya ta sa na ji da ma na bi jakin Benin na zauna can.

Baba Dikko ya dube ni ya ce, "Abin da nis so gaya maka ke nan, Mallam. Hanya guda yas sani."

Hajiya ta gyara mayafinta, ta tambayi wata yarinya abin da ya faru da sarkin. Yarinyar ta zayyano shi tiryan-tiryan. Da ƙyar Hajiya ta ba ni makin tsira, ta ce yara sun gane, amma kada in kuskura in koyar da Yaƙin Duniya.

Har yau in na sauka tashar Bagudo sai na ji wani ƙato mai gemu ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Suwidin." Ni dai tun daga ranar ba na hawan abin da ban tambayi sana'arsa ba.