Bencin Da Na Gasa A Rana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren ɗiyar ƙanena a Arkilla, ko da ƙafata guda na cikin kabari. Ni ne waliyyi, kuma ni na jawo wa kaina.

Saura wata biyu biki na ce manyan baƙi ba za su zauna a tabarma ba, benci zan sa a yi. Na je wurin Mamman kafinta. Ya ce, "Baba, tunda waje za shi kwana, a yi na maɗaci ko ƙirya. Farin katakon ga bai jimirin rana, tsagewa shikai."

Na dube shi duban ilimi (na yi aji huɗu na elemantare, har na taɓa riƙe wa malam alli). Na ce, "Yaro, mi ka ƙarfafa tubali? Rana. Mi ka gyara kilishi? Rana. To don mi katako za shi fita daban? Yi man fari."

Da ya gama, na sa aka ɗora bencin bisa soro, kwana arba'in cikin bazarar Sakkwato, don ya ƙara ƙwari. Har juya shi nake yi kamar waina. Da aka sauko da shi na ga wata 'yar tsaga ta ratsa tsakiyarsa. Na ce alamar nuna ce.

Ranar ɗaurin aure na zauna a tsakiya, waliyyin ango a damana, wani Alhaji mai hatsi wanda shi ma buhu uku ne. Nauyinsa ya buɗe tsagar, ban sani ba. Ana cikin siga sai ya miƙe zai miƙa goro. Tsagar ta rufe.

Jama'a, ta rufe da wandona, da abin da ke cikin wandon ta baya.

Liman ya ce, "Malam, kun ba da?"

In na yi ihu, an ce waliyyi ya fasa. Auren yarinya na hannuna, namana na hannun benci. Na cije, hawaye na zuba, na ce, "Mun... ba da."

"Allahu akbar," in ji wani dattijo. "Ku dubi ƙauna! Ko uban da yah haife ta bai yi kuka ba."

Da an tsaya nan da na ci riba. Sai aka shafa fatiha, Alhaji ya kamo hannuna da ƙarfi ya ɗaga ni mu gaisa. Na tashi, benci ya biyo ni. Muka yi taku biyu tare, sannan wando ya ce ɓarrr, ya zaɓi benci.

Ƙanena ya yafa mini rawaninsa a ƙugu, yana cewa, "Yaya, wanga shi na ilimin?"

Aure dai ya ɗauru, har sun haifi uku. Ni kuwa sati biyu ina cin tuwo a tsaye. Abin da na koya, in mai sana'a ya yi magana, ka saurara da kunne, don in ka ƙi, akwai inda za ka ji.