Yadda Za Ka Riƙe Girmanka Idan Matarka Ta Riga Ka Zama 'Yar Ƙasa

Idan kana zaune a ƙasar da ba a nan aka yanke maka cibiya ba, ka kai takardun neman zama ɗan ƙasa, shekaru suka ja har gashin da ke jikin hoton da ka manna ya bar kanka, to wannan darasi naka ne. Ban yi maka alkawarin takarda ba, don ko ma'aikatan ofishin ba su yi maka ba. Girma na yi maka alkawari, kuma tabbas ne. Bi matakan nan bi da bi, za ka yi jira iya ranka ba wanda ya isa ya yi maka dariya a gabanka. An gwada su a kan wani mai aski da ke layinmu, sun kuma yi aiki sumul har ranar da shi da kansa ya ɓata su.

Mataki na 1: Nemi mai laifi tun da wuri

Jira babu mai laifi hawan jini yake kawowa. Kada ka ɗora wa kanka. Kada ka ɗora wa ma'aikaci, don wata rana za ka tsaya a gabansa. Ɗora wa ƙasar da ka fito. Tana nesa, ba za ta ji ba, in ma ta ji ta saba.

Haka Mai-aski ya yi. Shi da matarsa ƙasarsu ɗaya, rana ɗaya suka kai takardu, a kan gilashi ɗaya suka ɗora yatsunsu. Da shiru ya yi yawa, sai ya zauna ya raba duniya gida biyu: ƙasashen da ake zuwa hutu, da ƙasashen da ake gani a labarai da hayaƙi a bayan ɗan jarida. 'Yan gidan farko, in ji shi, kafin shayin ma'aikaci ya huce an gama da su. 'Yan gida na biyu kuwa, da takardunsu ake tokare ƙafar tebur don kada ya yi girgiɗi.

Mataki na 2: Samu masu sauraron da ba za su iya tashi ba

Mutumin da aka ɗaure da ƙyalle har wuya, aka aske masa rabin kai, ga reza tana yawo bayan kunnensa, ba ya musu. In ba ka iya aski ba, koyi cire haƙori.

A shagon nan mai kujera biyu da madubi mai tsaga a gefe, duk wanda ya zauna sai ya sha darasi. Da mai gasa burodin da ke maƙwabtaka da shi ya samu tasa takardar da wuri, Mai-aski ko gezau.

"Kun gani ko? Ƙasarsu akwai teku da otal."

Wani tsohon maigadi da ake gyara wa gemu ya ce, "To ni fa? Ƙasarmu ɗaya da mai burodin, na kuma riga ka fara jira."

"Baba, naka kuskure ne. Ɗaga haɓa."

Baba ya ɗaga haɓa. Lura da wannan: hujjar da ta fi ƙarfinka, sa mai ita ya ɗaga haɓa.

Mataki na 3: Shirya wa ranar da ɓarna za ta fito daga cikin gida

Ta waje ake tsoro, amma ta ɗaki ta fi ciwo. Matar Mai-aski a gidan kula da tsofaffi take aiki, mace ce mai ƙarancin magana. Wata rana da yamma ya dawo ya tarar an shimfiɗa ƙyallen tebur na baƙi, alhali babu baƙo.

"Baban yara, ci abinci tukuna."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Sun turo saƙo. Sun kira ni rantsuwar zama 'yar ƙasa."

"Sun kira mu."

"Ni dai suka ce."

Ya karɓi wayar, ya karanta, ya yi ta jan saƙon sama da yatsa ko sunansa ya maƙale a ƙasa. Babu komai a ƙasa sai gargaɗin kada a makara. Tana tsaye da ludayi a hannu tana kallonsa, murna ta cika ta amma ta rasa inda za ta ajiye ta.

A nan sai ka yi sauri. Ce "barka" kafin fuskarka ta riga ka magana. Mai-aski ya ce barka har sau biyu, sannan ya nemi gishiri, ya zuba a abincin da gishirinsa ya riga ya ji, ya cinye tas.

Mataki na 4: Yi wa hujjarka kwaskwarima, kada ka jefar da ita

Wando ba ya zama tsumma don ya yage a gwiwa ɗaya. Washegari labari ya riga Mai-aski isa shago. Mai burodi ya leƙo da gari har gwiwar hannu.

"Maƙwabci, na ji an ba Madam. Ashe ƙasarku ta samu teku."

"A babban birni aka haife ta, a asibiti. Ni a ƙauyen bakin iyaka, iyakar ta ratsa tsakiyar ɗakinmu. Sai sun gama tantance ta wane ɓangaren ɗakin na faɗo."

Da wannan ta tsufa, sai ya koma cewa ai ko jirgi ne zai nitse, mata ake fara fitarwa. Riƙe irin waɗannan guda biyu ko uku a aljihu, kana canza su kamar safa.

Mataki na 5: Je ofis ka yi tambaya

Ba don ka samu amsa ba. Don a ce ka je.

Mai-aski ya ja lamba, ya zauna a kan kujerun roba da aka haɗe da ƙarfe, inda in mutum ɗaya ya girgiza ƙafa kowa sai ya girgiza. Da aka kira shi, ya sunkuya daidai 'yan hujojin gilashin da ke gaban ma'aikaciya.

"Ranki ya daɗe, tambaya ɗaya ce. Ƙasar da mutum ya fito tana sa a jinkirta masa?"

"Sam. Ba ma duba ƙasar mutum."

"To me ake jira a tawa?"

Ta danna wani abu. "Amsa daga ƙasarku."

"Ta matata fa?"

"Tata ta zo."

"Ƙasarmu ɗaya."

"Wataƙila teburinku ne ba ɗaya ba. Na gaba!"

Irin wannan amsa ita ake so, don baki biyu gare ta kamar reza. Wanda ya ce ana duba ƙasa, ka ce ofis ya tabbatar. Wanda ya ce ba a dubawa, ka ce ofis ya tabbatar.

Mataki na 6: Ranar rantsuwa, riƙe jaka

Sa rigar da ka ajiye don taka ranar. In ka ƙara jira ba za ta shige ka ba. Zauna a ɓangaren 'yan rakiya, jakar matarka a cinya.

Mai-aski ya daɗe da haddace kalmomin rantsuwar. Shi ya koya mata su, tana guga yana gyara mata lafazi. Da aka ce masu rantsuwa su miƙe su ɗaga hannu, saura kaɗan ya miƙe, jakar ce ta riƙe shi. Aka fara. A tsakiya harshenta ya sarƙe, ta waiwayo tana nemansa a cikin jama'a. Ya motsa leɓe a hankali, ta kama, ta ƙarasa. Ya ciro hankici, ya ce wa na kusa da shi kafet ɗin zauren nan ƙura gare shi.

Mutumin ya ce, "Ku yaushe kuka yi taku?"

"Ai mu mun daɗe a harkar nan."

Ka ga, bai yi ƙarya ba. Koyi wannan.

Mataki na 7: In tafiya ta taso, ce shago ne ya hana ka

Ba a jima ba 'yarsu ta fari, wadda ke aure a ƙasar da ke maƙwabtaka, ta haihu. Jikan farko. Uwar da sabon fasfonta tikiti kawai ta yanka. Shi kuwa da nasa tsohon sai ya nemi biza, kuma layin biza ƙanin wancan layin ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce wa kowa ba zai iya rufe shago ba, kawunan mutane amana ne.

Ya kai matar tashar jirgin ƙasa, ya ɗora mata akwati.

"Na san ba don shago ba ne," in ji ta.

"To tunda kin sani, shiga kada a bar ki."

A waya ya ga jikan, ja wur, gashi cike da kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a daina taje wa yaron gashi ta hagu, ba nan ya kwanta ba. 'Yar ta ce, "Baba, yaushe za ka zo?" Ya ce layin ba ya da kyau, ba ya jin ta sosai.

Mataki na 8: Kada ka taɓa faɗin gaskiya

Nan ne Mai-aski ya faɗi, kuma na kawo shi ne don ka kiyaye.

Akwai wani direban motar kai kaya, ɗan ƙasarsu, magidanci mai 'ya'ya uku, da ya daɗe yana aski a wurinsa. Ranar shagon cike yake. An kai rabin kai sai direban ya ce, "Yaya, ni dai na bi maganarka. Lokacina ya cika tuntuni, amma ban kai takardun ba. Tunda irinmu da mu ake tokare tebur, me zai kai ni? Sai dai a wurin aiki sun ce ba za su ba ni gurbin dindindin ba sai da takardar zama ɗan ƙasa. Uwar yara kullum sai mun yi rigima, ni kuwa ina ce mata Yaya ya fi mu sani."

Abin da ya kamata a nan shi ne ka sa shi ya ɗaga haɓa. Mai-aski sai ya kashe injin.

"Matata unguwarmu ɗaya. Ba a wani asibiti aka haife ta ba. An ba ta."

"Amma ka ce..."

"Na ce. Wallahi ban san abin da suke dubawa ba. Haushi ne ya ishe ni, na rasa inda zan kai shi. Tattara takardunka, gobe zan raka ka. Na san kujerar da ba ta karye ba."

Tsohon maigadi, da ke jiran layi, ya yi gyaran murya ya ce ashe dai kuskuren ba nasa ba ne shi kaɗai. Girman da aka yi shekaru ana tarawa ya zube ƙasa tare da gashi, aka share. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara tambayar Mai-aski yadda ofis ke aiki. Sai dai a ce, "Yaya Madam? A gaishe ta."

A kula

Mai wannan rubutu ba lauya ba ne, ba kuma ɗan'uwan lauya ba. Ko ƙasar mutum tana sa a jinkirta masa ko ba ta sawa, na tambaya, an ce ana dubawa. Duk wanda ya bi matakan nan matarsa ta daina yi masa magana, ko hawan jininsa ya ƙaru saboda gishiri, ko jikansa ya fara tafiya bai gan shi ba, shi ya jiyo, babu hannuna babu ƙafata. Mai-aski har yau yana jira. Direban kuwa an kira shi ganawa makon jiya, kuma Mai-aski ne ya yi masa askin zuwa. Ga damar huce haushi a kansa, ga reza a hannu, amma askin ya fito ba tabo ko ɗaya. Wani mutumin ko ka jiƙa masa darasi ya sha, ba ya koyo.