Sabulun da Na Lasa a Gidan Suna

Abubuwa da yawa sun fita kaina, amma ranar sunan ɗiyar ƙanwata Haule ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Gujiya (gyaɗa, in ji mutanen Kano) ta yi albarka a ƙauyenmu na gefen Kanan-Bakashe, har mai ya yi mana yawa. Sai aka turo wata madam daga Tasawa ta koya wa mata yin farin sabulu irin na kanti. Kayan haɗinsa uku ne: man gujiya, ruwa, da soda, wani farin abu kamar gishiri mai cin hannu. Ta ce man shi ke tausasa fata, soda ke cin dauɗa, in kuwa ta fi ƙarfin man sai ta koma cin mutum. Da ɗan gwangwanin tumatir ta auna sodar, ta ce a ajiye sabulun a inuwa sai wata ya zagayo kafin ya taɓa jiki. Har ta rubuta a allo. (Ni sai da na yi jika na shiga karatun manya, don haka allo ya kalle ni, na kalle shi.)

To ni tun ina ƴar ƙarama nake dafa sabulun toka. A ƙona karan hatsi, a tace ruwan tokar, a zuba shi ƙwarya-ƙwarya cikin mai, a dafa, in ya huce a yi wanka da shi a ranar. Wace ce wannan yarinya mai takalmi da za ta ce mini ɗan gwangwani? Na ce rowa ce irin ta ma'aikata. Da na koma gida na ninka soda, na ɗan ƙara don albarka. Washegari ya daskare, fari fat. Na yanka shi da zare, ina jin ba kamata a ƙasar Mayahi.

A wannan makon Haule ta haihu, kuma ni ke yi mata wankan jego. Ruwan jego dama tafasasshe ne, kukan mai jego ba ya ba kowa tsoro. Ina cuɗa ta da sabon sabulun nawa tana cewa, "Yaya, abin ga yana cina."

"Kowace mai jego haka take cewa. Tsaya da kyau!"

Kafin suna ƙirjinta ya yi ja, fata ta fara saluɓewa, kan nono ya tsage. In jaririya ta kama, Haule sai ta ciji zane, bakin yarinya ya fito da jini. Nono ya kumbura, zazzaɓi ya shigo, yarinya ta yi kuka har murya ta dushe. Ni kuwa me na ce? Na ce baki ne. Har na faɗa wa mata a bakin rijiya cewa idon Asabe maƙwabciyarmu bai yi mini ba.

Ranar suna gida ya cika da mata. Na jera sauran sabulun a faifai inda kowa zai gani. (I, har a ranar.) Gwaggo Dije, ƙanwar babanmu, ta iso daga Mayahi, ta shiga ɗakin mai jego, ba ta daɗe ba ta fito.

"Wa ke yi wa yarinyar ga wanka?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Da mi?"

Na ɗaga faifai ina murmushi.

"Kin lasa?"

Duk mai dafa sabulu ta san ana ɗan taɓa shi da harshe, in ya yi cizo bai kai ba. Ni ma na sani. Sai dai na ga wannan ya yi kyau da yawa, ya wuce a lashe shi.

"Gwaggo, wannan na zamani ne."

"Zamanin ya hana ki harshe? Lasa mu gani."

Da na ɗan taɓa kawai da sauƙi. Amma don in kunyata tsohuwa, sai na shafa shi a harshe tun daga wannan gefe har wancan. Wallahi kamar na lashi garwashi. Yawu ya zubo mini har haɓa, hawaye ya biyo, ina tsaye ina ƙoƙarin cewa lafiya lau, harshe ya ƙi. Na jefar da faifai na ruga bakin randa.

Gwaggo ta ce, "Ke kin kasa riƙe shi ƙiftawar ido. Ita safe da yamma kika dirza mata, a kan abincin jaririya."

Ba wadda ta yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini.

A amalanke aka kai Haule likita a Mayahi. Jaririya kuwa Asabe ce ta ɗauke ta ta haɗa da goyonta, Asaben da na ɓata a bakin rijiya, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Haule ta warke, amma nono ɗaya bai sake kawo ruwa ba, tabon yana ƙirjinta har ta koma ga Allah. Yarinya ta rayu, ta girma tana kiran Asabe Inna.

Abin da na koya ɗaya ne: duk abin da zan shafa wa wani, bakina zai fara ɗanɗana shi. Yanzu na iya karanta abin da ke jikin takardar sabulu sarai, amma har gobe sai na ɓare na lasa. Masu kanti sun ɗauka tsufa ne. Na bar su a haka.