Haƙorin da Ba Ya Ciwo

"…lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Kumburin ya sauka, amma har yanzu ruwan sanyi ba ya shiga."

"Cirewa za a yi ko cikewa?"

"Sai abin da likita ya ce. Ni dai a raba ni da shi."

Wasu mutum biyu ne ke wannan hira a bayan Kaka, ba ta ko waiwaya ta ga fuskokinsu ba. Tun safe take zaune a dogon bencin asibitin haƙori, ƙugunta ya ƙage, ƙafafunta sun yi nauyi a cikin silifa. Fanka na juyawa a sama kamar roƙonta aka yi. Daga bayan farar ƙofa injin likita na wani siririn kuka, ya tsaya, ya sake ɗauka. Duk sanda wani ya fito, sai nas ta leƙo ta yafito na bakin benci, sauran su muskuta su matsa gaba.

Kaka ta dafe kunci da gefen mayafi kamar mai ciwo, alhali ba abin da ke damun haƙoranta. Mai ciwon shi ne jikanta mai aski da ke zaune a gefenta yana latsa waya, kuma duk gidansu shi kaɗai ne bai sani ba.

Matarsa ce ta kawo maganar. Ta daɗe tana wasa da yatsunta kafin ta iya faɗa: bakinsa ya lalace. Dasashinsa na jini in ya goge, sai ya ce buroshi ne ke ji masa ciwo, ya rage gogewa, ya koma jefa alewar minti a baki. Ga shi aikinsa a kan fuskar mutane yake. Da ya sunkuya zai gyara gemu, sai mutum ya ɗauke numfashi. Masu zuwa shagon suna ta zarewa suna komawa wani shago a tsallaken titi. Yarinyar ta ce ita nauyin maganar ya fi ƙarfinta, mahaifiyarsa ma ta kasa, Kaka ce kaɗai ke gaya masa komai ya yi dariya.

To nan gizon yake. Kaka ta gaya masa, ba sau ɗaya ba. Amma tun yana rarrafe take ce masa mai kunnuwa kamar murfin tukunya, mai ƙafa kamar tsinken tsintsiya, don haka wannan ma sai ya zuba shi cikin sauran, ya mayar mata da martani ya wuce. Da ta gaji, ta ce masa haƙorinta ne ya hana ta sakat, ya zo ya raka ta.

"Amarya," ya ce, bai ɗago daga wayar ba, "ɗazu hagu kika riƙe."

"Ciwon ne ya koma dama. Sai ya nemi izininka kafin ya yi ƙaura?"

"Mamakin inda ya samu masauki nake. Bakin da ya zama fili, ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta wataya."

"Haƙoran nan da kake rainawa, da su na buɗe kwalbar maganinka kana jariri, kana ta tsala ihu kamar an taka wutsiyar mage."

"Ai tun ranar suka fara sallama."

"Sai sun ga zubewar naka tukuna. Miji har miji, ga tsawo ga rowa. Ka kawo mace asibiti, ko ruwa ba ka saya mata ba."

"Ba ki ji na baya ba? Ruwan sanyi ba ya shiga."

"Na ɗumin ya ƙare a duniya?"

Ya tuntsire da dariya, ya karkato kusa da ita. Kaka ta daure, ba ta ko ƙifta ido ba. Amma matar da ke ɗaya gefensa ta ja mayafi zuwa hanci, ta juya fuskar goyonta wajen taga. Shi ya ɗauka warin magani ne ya dame ta, har ya ce mata sai haƙuri, asibiti ya gaji haka.

Aka fito da wani dattijo yana cije da auduga. Benci ya matsa. Nas ta tsaya a bakin ƙofa ta yi wa masu jira ɗan jawabin da kana ji ka san ta gaji da maimaita shi: a goge baki safe da kuma kafin kwanciya, da buroshi mai laushi, a bi har harshe, wanda dasashinsa ke jini kada ya daina gogewa, ya zo a duba shi, don dauɗar da ta daskare a gindin haƙori sai an kankare ta a nan. Duk tsawon jawabin jikan na zungurin Kaka da gwiwar hannu, wai ta buɗe kunne da kyau, da ita ake. Ta ce ita da ba ta taɓa kwana da ragowar abinci a baki ba, ya ce ai sai da wurin maƙalewa abinci ke maƙalewa. Ya ɓare minti ya jefa a baki, ya miƙa mata ɗaya, ta ture hannun.

Can sai ya yi hamma, ya mayar da wayar aljihu. Muryarsa ta sauka. Ya ce ya rufe shago saboda ita, ko da yake ba wani abin da zai rasa. Jiya ma tsohon malamin makarantar nan da yake wa aski tun ranar da ya buɗe, ya hango shi zaune a tsallake an yafa masa ƙyalle, da suka haɗa ido malamin ya sunkuyar da kai. Ya ce ya gano abin: kujerar wancan shagon mai juyawa ce ke jan mutane. Ya riga ya yi magana da mai son babur ɗinsa, zai sayar ya sayo irinta.

Babur ɗin nan da shi yake kai 'ya'yansa makaranta. Kaka ta rufe ido ta buɗe, ta sake gwadawa ta hanyar da ta sani.

"Mai gida, ko kujerar jirgin sama ka sa, ba mai zama. Bakinka ne ke korar su. Ƙuda ma in ya gifta ta gabanka sai ya faɗo."

"Turaren da kika aure ni dominsa kenan."

"Hancina ne ya toshe lokacin."

"Yanzu ma tsufa ne. Komai wari yake miki, har da kanki."

Matar mai goyo ta shiga. Su ne yanzu a bakin benci, ba kowa tsakaninsu da farar ƙofar. Kaka ta dubi hoton wani ƙaton haƙori da aka manna a bango yana murmushi, ta ji gajiyar ta sauko mata gaba ɗaya, ta zaman da ta wasan.

"In kin shiga," ya ce, "ki gaya wa likita kada ya wahalar da kansa da fitila. Hannu ɗaya ya ishe shi ƙirga su."

Ta sauke hannunta daga kunci ta aje a cinya.

"Ko ki bar masa su ajiya, in za mu biki mu zo mu karɓa."

Shiru. Injin ya yi kuka a ciki ya tsaya. Jikan ya juyo ya dube ta sosai. Tun da ya yi wayo bai taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba, ko tana zazzaɓi sai ta rama.

"Kaka?" ya ce. Rabonsa da kiranta haka har ta manta.

Ta yi ƙasa da murya yadda na baya ba za su ji ba. "Ɗan nan, lafiyar haƙorana ƙalau. Kai na kawo. Maganar bakinka ba wasa nake ba, ban taɓa yin ta da wasa ba. Ban san yadda ake maka magana ba sai ta wannan hanyar, shi ya sa ba ka ji."

Ta ga idonsa ya tafi wani wuri, ta san shagonsa ya koma, yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa daga jikinta kaɗan, ya juya kai gefe kafin ya yi magana, ya tambaye ta wa ya aiko ta. Ta ce hancinta, ba wanda ya aiko ta. Ya tambaya ko ita ma ta gida ta sani. Kaka ta ce wadda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ya yake gani?

Ya daɗe yana kallon yatsunsa, masu tabon almakashi.

"Da an gaya mini."

"Na gaya maka har bakina ya gaji. Kai ta dariya."

"To ai ke kika ce kunnuwana kamar murfin tukunya."

"Shi ma gaskiya ne. Shi dai ba shi da magani, shi ya sa ban kai ka ko'ina ba."

Dariyar ta ƙwace masa, gajeriya, amma sai da ya tare ta da tafin hannu. Ganin hannun nan a bakinsa ya fi komai yi wa Kaka ciwo a ranar. Ta so ta janye shi, ta bari.

Sai ya miƙe. Hanyar fita ya nufa, ita kuwa ba ta da ƙafar bin sa, ba ta kuma da wata dabarar da ta rage. Ya tsaya a bakin ƙofar waje inda ƙarar motoci ke shigowa, ya ɗan jima, bayansa kawai take gani. Sannan ya sunkuya ya tofar da mintin a kwandon shara, ya dawo ya zauna, ya haɗe gwiwoyi kamar ɗan makaranta.

Ya tambaye ta a hankali ko abin nan mai kuka da zafi. Ta ce ita ina ta sani, ba a taɓa sa mata shi ba. Ya ce lallai, a kan me za a sa shi. Ta ce ya ci gaba, yanzu za ta ji wanda zai yi ihu a cikinsu. Bai rama ba, ya gyaɗa kai kawai, yana goge zufar tafinsa a wando.

Farar ƙofar ta buɗe, mai goyo ta fito. Nas ta leƙo, ta ce Mama ta taso. Kaka ba ta motsa ba. Jikan ya miƙe, ya tsaya ɗan nesa da nas ɗin, kansa a karkace.

"Sista, ni ne mai ciwon," ya ce. "Don Allah ki bar tsohuwar nan ta shigo ta zauna kusa da ni. In na bar ta a nan, wani zai ɗauke mini ita."