Rasuwar Ƙwanduwa, Wadda Wally Pashko Ya Tura Waje

Wally Pashko ne ya kashe ta. A fara riƙe wannan tukuna, tun kafin ya riga kowa zuwa kantin abincin dabbobi ya shafa wa dusar ƙanƙara kashin kaji. Ƙanƙara ta sauka a kan kowa a lardin Manitoba na ƙasar Kanada bana, yadda ta saba, amma rufi ɗaya ne ya rufta, kuma a gonar da Wally ke zaune ya rufta.

Cikin baƙin ciki da zuciya mai tafasa, Verna Demko, matar marigayi Nestor Demko, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk masu ƙananan tirelolin kwana da ke haɗuwa a bakin tafki lokacin zafi, rasuwar abokiyar tafiyarta Ƙwanduwa. Ta rasu cikin hunturun da ya wuce, a waje, ita kaɗai, a bayan rumbunan hatsi. Ba a san ranar ba, domin waɗanda aka bar wa amanarta ba su ko leƙa ta ba.

Marigayiyar 'yar tirelar kwana ce ta faiba, irin robar nan mai tauri ta jikin kwale-kwale, mai taya biyu, wadda ake ɗaurawa a bayan mota. Zagayayya ce, samanta fari, ƙasanta rawaya, shi ya sa Nestor ya raɗa mata wannan suna ranar da ya jawo ta gida, yaransu suna ƙanana. Ta yi shekara arba'in da ɗoriya a duniya ba ta yi tsatsa ba. Ba ta taɓa neman babbar mota ba, ko ƙaramar motar Verna tana jan ta ba nishi. In aka isa sansani, mace ɗaya tana iya kama hancinta ta juya ta, ƙofa ta kalli ruwa. Teburinta ya zama gado da dare, gadon ya koma tebur da safe, ba ta taɓa ƙorafi ba. Labulenta Verna ce ta ɗinka da hannunta. Ba ta da yawan magana. In an buɗe ƙofa ta ce ƙiiii, in ruwan sama ya sauka a kanta ta ce tas tas tas, in an kunna injin ɗumama ɗaki ta yi tari sau biyu sannan ta ce fuuu. Iyakar surutunta ke nan, ba kamar wasu ba.

Akwai wani dogon kabad na kaya a gefen ƙofarta, tun daga ƙasa har rufi. Duk wanda ya taɓa kwana a irin waɗannan zagayayyun tireloli da ake kira ƙwayaye ya san ba don rataye riga kawai aka sa shi ba. Ba katako ba ƙarfe a bangonsu, ɓawo ne kawai, kabad ɗin nan shi ne ginshiƙin da ke tallafe da rufi. Ko yaran sansani sun san haka. Wally Pashko ya yi shekaru yana shan kofi a gindin kabad ɗin.

Ciwon ajalin ya soma ne bara, lokacin da Loretta, ƙanwar Verna kuma matar Wally, ta sayo tata sabuwa fil. Doguwa, taya huɗu, fara sol kamar haƙorin roba, har da suna wai Gimbiya. Akwai al'adar da ake yi ranar Asabar ɗin taron bakin tafki: mai son baƙi sai ya ɗaura ƙyalle a marfin ƙofarsa, mutane su bi layi, su cire takalmi, su shiga su ga yadda kowa ya tsara ɗakinsa. Shekara da shekaru layin Ƙwanduwa ne mafi tsawo, don ita ce mafi tsufa a sansanin, kuma komai nata na asali ne. A wannan Asabar Verna ta ɗaura ƙyallenta da sassafe, ta gasa kek, ta ɗora buta, ta shimfiɗa tabarmar ajiye takalma. Sai ga jama'a sun wuce ta gabanta ɗuuu, kamar tumaki sun ji ƙarar bokiti, suka yi ƙofar Gimbiya. Manyan mutane masu jikoki, sun yi layi cikin rana don su ga masai.

Har Gladys Moroz, aminiyar Verna tun suna 'yan mata, ta je ta dawo tana haki. Ta ce, "Verna, har da madubi a banɗakin! Kina zaune kina kallon kanki!"

Verna ta ce, "To Allah ya ba ki abin kallo."

Loretta ta leƙo daga ƙofarta ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yaya, ki shigo ki gani mana, ba a biyan kuɗin shiga."

"Na taɓa ganin masai, Loretta. Gidan ubanmu ma akwai, ke ce ma kike tsoron zuwa ke kaɗai."

Wasu za su ce ƙyashi ne. Su ce. Verna ba ta taɓa taka cikin Gimbiya ba, kuma ba za ta taka ba. In ta san cewa firjinta ya kai kafaɗar mutum, murhunta kai uku ne, kujerunta masu launin toka ne da ɗinkin shuɗi, akwai fitila har a cikin durowar cokula, to taga ce ta nuna mata, kuma ba ita ta ce a yi tagar da faɗi haka ba. Abin da ta sani shi ne, ranar nan kek ɗinta ya huce a kan tebur, mutum biyu ne suka shigo Ƙwanduwa, ɗayan ma hanyar famfo yake tambaya.

Da kaka ta yi, Verna ta ja Ƙwanduwa zuwa gonar mahaifinsu, inda Loretta da Wally ke zaune, don ta yi hunturu a babban zauren injinan gona, kamar kowace shekara. Mahaifinsu da Nestor ne suka kafa zauren nan, kuma rabinsa gadon Verna ne, ko Loretta ba ta taɓa musun wannan ba. Verna ta tsiyaye ruwan bututai, ta ɗura musu jan ruwan nan mai hana daskarewa, ta cire batir, ta zuba sabulai a lunguna saboda ɓeraye. Da idonta ta ga an tura ta ciki, kusurwarta ta kullum. Sannan ta kira Wally ta nuna masa ƙusa ɗaya a saman taga da ke ɗan yoyo.

Ya ce, "Yaya Verna, ki bar min komai. In ƙanƙara ta narke za ki sha mamaki."

Ta ce, "Ba na son mamaki, Wally. Ƙusa ɗaya na ce maka."

"An gama, ranki ya daɗe."

"Kai dai ka gama da ƙusar."

Ta koma gidanta na cikin gari. Da Kirsimeti ta zo gona cin abinci, ta tambayi lafiyar Ƙwanduwa. Loretta ta ce tana nan ƙalau, ta yi maza ta miƙo mata kwanon kabeji. Wally ya sunkuyar da kai cikin farantinsa kamar ya ga wani abu a ciki. Da Verna ta ce za ta leƙa zaure, suka ce hanya ta toshe, ba a share ba. Ita kuwa ta yarda, don ba ta saba zargin jininta ba.

Da ƙanƙara ta narke ta zo ɗaukar kayarta. Ta ja ƙofar zaure, sai ga Gimbiya a kusurwar Ƙwanduwa, an lulluɓe ta da mayafi mai laushi, an ɗora tayoyinta a kan katako kada sanyin siminti ya taɓa su. Wally ya taho yana murza hula a hannu. Ya yi gaba, ta bi shi har bayan rumbunan hatsi, inda ba a hangowa daga gida.

Rufin ya lotsa kamar ƙwaryar da jaki ya taka. Tsaga ta tashi daga saman ƙofa har tagar baya. Ƙofar tana reto, ta kasa ko cewa ƙiiii. Ruwa ya kwanta a ciki har idon sawu, katakon ƙasa ya ruɓe, labulen ya yi baƙin funfuna. Inda kabad yake babu kabad. A gurbinsa an ajiye wani ɗan masan roba na ɗauka a hannu, an ɗaura masa jan zare irin na kyautar Kirsimeti.

Verna ta ce, "Mene ne wannan?"

Wally ya ce, "Yaya, wallahi alheri na nufa. Ranar nan a tafki na hango ki zaune ke kaɗai da kek ɗinki, abin ya taɓa ni. Na ce in ke ma kina da banɗaki, mutane za su dawo."

"Sai ka cire mata ƙashin baya."

"Wuri nake nema masa. Na ɗauka kabad ne kawai."

"Waje fa? Wa ya fito da ita waje?"

Ya ce zauren ba zai ɗauki biyu da motar girbi ba, kuma wanda ya sayar musu da Gimbiya ya ce kada a bar ta a fili. Ya ce ita Ƙwanduwa ai tsohuwa ce, ta saba da wahala. Wadda ba ta taɓa kwana ɗaya na hunturu a waje ba, ita ce wai ta saba. An yi mata gyaran gangar Auzinawa, an zare ginshiƙinta, sannan an tura ta ƙarƙashin ƙanƙarar wata biyar, don sabuwa ta kwanta a ɗumi.

An kira mai gyaran kwale-kwalen faiba daga gari. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya leƙa ciki, sannan ya cire hularsa. Verna ba ta bukaci ya ƙara bayani ba.

Abin da ya fi mutuwar ciwo shi ne ta'aziyyar Loretta. Ta fito da tawul a kafaɗa ta dafa yayarta, ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, abin duniya ne. Bana sai ki biyo mu kawai. Teburin cin abincinmu ma yana zama gado, ya fi naki faɗi."

Wato Verna Demko, da furfurarta, wadda tun rasuwar Nestor take ɗaura tirelarta da kanta, ta tuƙa da kanta, ta tsaya inda ta ga dama, ta kwanta lokacin da ta so, ita ce za ta koma 'yar rakiya. Ta kwana a kan teburin ƙanwarta, a tashe ta da safe a naɗe ta da bargo don Wally zai soya ƙwai. Ranar Asabar kuma ta tsaya a ƙofar Gimbiya tana jera takalman baƙi. Ba kuɗi take nema ba, ba kuma sabuwa take so a saya mata ba. Ƙofarta ta kanta aka raba ta da ita.

Marigayiyar ta rasu ta bar Verna. Ta bar ƙaramar mota da ƙugiyar ja a bayanta, ba abin ja. Ta bar buta mai fito, da kujerun naɗewa biyu, ɗaya ba wanda ya zauna a kai tun bayan Nestor. Ta bar kabad ɗinta, wanda aka gano a ɗakin ƙasa na gidan Loretta, an cika shi da kwalaben kokwamba mai tsami, yana tsaye ƙyam yana tallafe da abin da ba a haife shi don shi ba. Gimbiya ba ta cikin dangi, kada wani ya yi mata gaisuwa.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa Gladys Moroz, wadda ta gane kurenta ta nemi gafara, ta kawo babbar motar mijinta an jawo gawar daga bayan rumbuna. An shimfiɗe ta a gicciye a bakin ƙofar zauren injina, a kan rabin da yake na Verna. An cire tayoyin biyu, suna gidan Verna a gari, cikin bahon wanka. Ƙofar zauren ɗaya ce, kowa ya sani, kuma Gimbiya tana ciki.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar ta dogon hutun watan Mayu, tun daga hantsi. Verna ta ji labarin cewa ranar ce Loretta ta shirya fita ta farko a bana, har ta kama wuri a bakin ruwa. Allah ya ba ta haƙuri, abin duniya ne. Za a ba da kofi da pirogi, ƙullin fulawan nan mai dankali a ciki, kowa ya zo da kujerarsa. Ba a bukatar furanni. Masu ƙwayaye su jawo nasu su jera a farfajiya, har bakin titi in ta kama. An roƙi limamin coci ya zo, ya ce ba ya yi wa tirela addu'a, amma zai zo don pirogi.

Ba za a ɗaga gawa ba, ba za a mayar da taya ko ɗaya ba, sai Wally Pashko ya tsaya a gabanta, gaban jama'a, ya faɗi da bakinsa wa ya sa shi taɓa abin da ba a aike shi ba, kuma shawarar wa ce a fitar da ita waje. In shi kaɗai ne, ya ce shi ne. In wata ce ta tsaya a bakin zaure tana nuna masa da yatsa inda zai tura ta, ya kira sunanta, da ƙarfi, yadda na baya za su ji.

Wally, ka daina ɓuya a bayan motar girbi. Fito ka amsa.